Wasiƙa Daga Manchesta: Yadda Nake Fama Da Banki Da Masu Bina Bashi

Yaya, assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, da Inna da su Anti da yara baki ɗaya. Sau biyu kana tambayata a waya me ya sa abin da nake aikowa ya ragu, sau biyun kuma ina kewaye-kewaye. Yau na zauna in rubuta maka komai, domin kai ne madadin Baba a wurinmu, kuma na ji Auta ya fara maganar a ranto masa kuɗi shi ma ya taho.

Bashi ne ya yi mini katutu. Lokacin da na tsaya na haɗa lissafi, fam 9,400 ake bina a wuri biyar: katin bashi biyu, rancen banki ɗaya, wani kamfanin sayar da kaya a biya kaɗan-kaɗan, sai kuma abin da bankina ya bari na cira fiye da abin da ke cikin asusuna. Wannan na ƙarshen ya fi cin rai, don ruwansa a manyan bankunan nan ya kusa kashi 40 cikin ɗari a shekara. Ka san na iso a 2022, shekarar da tsadar kaya ta kai kashi 11.1 a watan Oktoba, kuɗin gas da lantarki suka yi tashin gwauron zabo. Bizarmu ta masu aikin kula da tsofaffi ba ta ba mu damar karɓar tallafin gwamnati, don haka duk giɓin da aka samu kati ne ke cike shi. A gida kafin banki ya ba talaka rance sai ya nemi takardar fili da mai tsaya masa. A nan, da ka yi 'yan watanni albashi na shiga, su ne za su riƙa turo maka tayi a waya, ka danna sau uku kuɗi ya shigo.

Wata 'yar Gana da muke aiki tare ce ta ga yadda nake zabura duk lokacin da wayata ta yi ƙara, ta ba ni lambar StepChange. Ƙungiyar agaji ce mai hedikwata a Lids, tun 1993 take ba masu bashi shawara, kuma ba ta karɓar ko kwabo daga hannun mai bashi. Akwai irinta, kamar National Debtline da Citizens Advice. Na nanata maka cewa kyauta ne saboda Facebook da TikTok cike suke da tallar kamfanoni masu alkawarin a yafe maka kaso mai yawa na bashinka, alhali kuɗi suke yanka a cikin abin da kake biya, wasu ma su tura ka wata yarjejeniya ta shekara biyar ko shida da ba ta dace da kai ba.

Da na kira StepChange, fiye da awa guda muka yi ana bin rayuwata layi-layi: albashi nawa, haya nawa, abinci, kuɗin bas, har aski. Abu na farko da na koya shi ne bashi a ƙasar nan hawa biyu ne. Akwai wanda in ka ƙi biya za ka rasa ɗaki ko a kai ka gaban kotu da gaggawa, wato haya, harajin kansil (na ƙaramar hukuma), gas da lantarki, da tarar kotu. Waɗannan su ake fara warewa. Katin bashi da rancen banki suna baya, duk da cewa su ne suka fi kowa yawan kira da wasiƙu masu jan rubutu. Ni kuwa a da masu hayaniyar nake fara biya, na bar harajin kansil ya taru wata biyu. Bayan an cire komai, fam 160 ya rage a wata. Shi nake tura wa ƙungiyar sau ɗaya, ita kuma ta raba wa mutum biyar ɗin gwargwadon abin da kowa ke bi. Wannan shi ne tsarin da suke kira DMP. In ba abin da ya canza, kusan shekara biyar zan yi a kai.

Kafin tsarin ya kankama an sa ni a wani shiri na gwamnati mai suna Breathing Space, wanda aka fara a Ingila da Wales a watan Mayun 2021. Kwana 60 doka ta hana masu bina su kira ni, ko su ƙara ruwa, ko su kai ni kotu a kan waɗannan basussuka. Yaya, a cikin kwanakin nan na fara yin barci mai nauyi tun bayan wata da watanni. Na tuna karatun da Malam yake yi mana a zaure, ayar ƙarshen Baƙara da ta ce in wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi. Na zauna ina tunanin yadda mu da muka haddace ta muke yi wa juna a kan naira dubu ashirin.

Sai dai shi DMP ɗin kansa ba hukuncin kotu ba ne, roƙo ne mai tsari. Ba wanda aka tilasta wa ya karɓa, ba kuma wanda aka tilasta wa ya daina ɗora ruwa bayan kwana 60 ɗin. Hukumar FCA, wadda ta karɓi kula da harkar bashi a 2014, ta dai wajabta musu su tausasa wa wanda ya shiga matsi. Huɗu daga cikin nawa sun tsayar da ruwa a wata na biyu. Na biyar ya yi wata huɗu yana ƙarawa, har abin da nake biyansa bai kai ruwan da yake ɗorawa ba. Na rubuta masa ƙorafi a takarda. Ƙa'ida ita ce suna da mako takwas su amsa, in ba ka gamsu ba ka wuce ofishin mai sasanci, Financial Ombudsman Service, shi ma kyauta. A mako na shida suka tsayar, suka kuma cire abin da suka ƙara. Ranar da na ga ruwan ya tsaya cak a dukkan biyar ɗin na yi sujada, domin ban da nauyin kuɗin, maganar riba ta daɗe tana cin zuciyata.

Yanzu maganar banki, wadda ita ce na fi so ka riƙe. An gargaɗe ni tun ranar farko cewa in bankin da albashina ke shiga yana bina bashi, yana da ikon ya ɗebi kuɗi daga wannan asusu ya biya kansa a wancan. Aka ce in buɗe sabon asusu a bankin da ba ya bina komai, in kuma lura da cewa sunaye daban-daban kan zama gida ɗaya: Lloyds da Halifax da Bank of Scotland uwarsu ɗaya, haka NatWest da Royal Bank of Scotland, haka HSBC da First Direct. Na yi nawa, na ce sai ƙarshen wata. Kafin nan bankina ya kwashi fam 210 daga ɗan ajiyar da na yi na haya ya zuba a katinsa. Na kira su jikina na rawa. Da na karanto musu kasafin da aka yi mini, na nuna kuɗin haya ne, sai suka mayar bayan kwana uku, domin ƙa'ida ta ce dole su bar wa mutum abin da zai ci da abin da zai biya haya.

Ka ga a nan sun fi mu sauƙi ta wata fuskar. A gida tun Agustan 2020 Babban Banki ya kawo tsarin GSI, wanda da lambar BVN bankin da ke binka zai iya bin kuɗinka har cikin asusunka na wani banki daban. A nan bankin da ba ya binka ba ya miƙa kuɗinka ga mai binka irin wannan bashi sai da umarnin kotu. Kuma doka ta wajabta wa manyan bankuna tara su buɗe wa wanda tarihinsa ya ɓaci ƙaramin asusu marar caji. Shi nake amfani da shi yanzu. Albashi na shiga, ina da katin cire kuɗi, ina biyan haya da lantarki ta ciki, amma ba zan iya cire ko fam ɗaya fiye da abin da ke ciki ba. Babu kuɗin saƙon waya, babu kuɗin kula da kati, babu 'yan cire-ciren nan da kake kuka da su duk wata.

Wasiƙu ba su daina zuwa ba, kuma da farko kowace ambulan sai ta tsinka mini zuciya. Daga baya na gane yawancinsu doka ce ta sa dole a aiko, bayanin abin da ya rage ne kawai. Mai nauyin ita ce takardar gaza biya: suna ba ka aƙalla kwana 14, in ba ka cike giɓin ba su rufe asusun su buga maka tambari a wurin kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin kowa, Experian da Equifax da TransUnion. Tambarin shekara shida yake yi daga ranar da aka buga shi, sannan ya goge, ko ka gama biya ko ba ka gama ba. Abin da ya ba ni mamaki, gara a buga maka shi da wuri. Wanda bai buga ba, ya rubuta cewa kana biya a kan yarjejeniya, nasa rubutun zai zauna har shekara shida bayan ka gama biya. Uku daga cikin masu bina sun buga mini a 2024, ka ga nasu zai fita a 2030.

Biyu daga cikinsu kuma sun sayar da bashina ga wasu kamfanoni da sana'arsu ke nan, sayen bashin mutane da araha su bi a hankali. Takarda ta zo da sunan da ban taɓa ji ba, na ɗauka 'yan damfara ne. Na tura wa ƙungiyar sabuwar lambar, aka karkata kasonsu can, shi ke nan. Ɗaya ya rubuto cewa zai iya turo wakili gida. Na tambaya, aka bayyana mini bambancin: ɗan karɓar bashi ba shi da ikon shiga ɗakina ko taɓa kayana, in na ce ya tafi dole ya tafi. Masu ɗaukar kaya ma'aikata ne daban, kuma a irin bashina ba sa zuwa sai an kai ni kotu, an yanke hukunci, na kuma ƙi bin hukuncin. Haka nan an hana su gaya wa maƙwabci ko wurin aikina cewa ana bina. Na tuna abin da manhajar rancen nan ta yi wa ɗan gidan maƙwabtanmu, yadda ta tura hotonsa ga duk lambar da ke wayarsa har da surukansa, aka kira shi ɓarawo a kan kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba.

Amma kada ka ɗauka komai na nan ya fi. A gida mai shago ya san mahaifinka, ya san an yi maka rasuwa, zai iya rufe littafi ya ce ka bari sai kaka, wani ma ya ce ya yafe don Allah. In abu ya yi tsami a je wurin mai unguwa ko liman a sasanta, a tashi ana gaisawa. A nan ba wanda zai ci maka mutunci, ba kuma wanda ya san ka. Kwamfuta ce ke yanke hukunci. Da na nemi canza ɗaki zuwa kusa da wurin aiki, dillalin ya duba tarihina ya ce sai na kawo mai tsaya mini da ke da gida a ƙasar, ni kuwa wa na sani mai gida? Wayar da ake ɗauka a biya wata-wata an hana ni, sai na sayi tsohuwa a hannu. Mu muna cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a nan ma haka ne, sai dai kowa na ɓoye nasa. A masallacinmu na unguwar Cheetham Hill na tabbata ba ni kaɗai ba ne, amma ban taɓa jin wani ya ɗaga maganar ba.

Sharaɗin tsarin shi ne kada in ci sabon bashi, kuma duk shekara a sake duba kasafin. In albashi ya ƙaru, biya ya ƙaru. In awannin aiki suka ragu, kamar yadda aka yi mini a hunturun bara, in kira kafin ranar biya a rage. Kuɗin da nake aiko wa Inna na faɗa musu gaskiya tun farko cewa na magani ne da abinci, aka rubuta shi a kasafin, amma kaɗan, domin masu bin bashin suna ganin takardar kuma suna iya yin magana. Dalilin raguwar ke nan, Yaya. Ban yi aure a ɓoye ba, ban kuma manta da gida ba, kamar yadda na ji ana faɗa.

Game da Auta, ina roƙonka ka zaunar da shi ka karanta masa wannan. In zai zo, kada a jinginar da gonar Baba, kada kuma ya iso da bashin dillalin biza a wuyansa, domin a watannin farko albashi ba ya ɗaukar haya da bashin gida a lokaci guda, kuma ta nan katin farko ya shigo hannuna. Inna kuwa ka bar ni in gaya mata da bakina ranar Juma'a bayan na taso daga aiki. Na maganinta zai iso ranar 28 kamar kullum. Na ragon layya bana ba zan iya cikawa ba, sai dai mu haɗa da kai, ka faɗa mini yadda farashi yake a kasuwar Wudil in ga abin da zan iya.

Ka gaishe da kowa da kowa.

Ƙaninka.