Gargaɗi ga masu neman hayar gida a Abuja: wanda ya buɗe maka ƙofa ba lallai shi ne mai gidan ba

Duk wanda aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Abuja, ko ya samu sabon aiki, ko aka turo shi hidimar ƙasa, don Allah ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa wani ko sisi da sunan kuɗin haya. Akwai wata damfara da ta daɗe tana cin mutane a garin nan, kuma ba sakarkaru take ci ba. Masu ilimi da wayewa take kayarwa, domin duk abin da ake nuna maka gaskiya ne. Gidan yana nan, makullin yana buɗe ƙofa, famfo yana zuba. Abu ɗaya ne kawai ƙarya: mutumin da zai karɓi kuɗinka ba shi da iko da gidan.

Tun da gwamnati ta baro Legas ta tare a Abuja a watan Disambar 1991, mutane suke kwararowa, gidajen da mai ƙaramin ƙarfi zai iya kamawa kuwa ba su taɓa isa ba. Maitama, Asokoro da Wuse 2 dama ba a maganarsu. Ƙaramin ma'aikaci sai ya gangara Kubwa, Lugbe, Dutsen Alhaji, Karu ko Nyanya, in abin ya faskara ya tsallaka Mararaba da Masaka a jihar Nasarawa, ko Suleja a jihar Neja. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, sai kowa ya koma neman gida kusa da wurin aiki ko ta halin ƙaƙa. Ga shi a Abuja ba a biyan haya wata-wata. Shekara guda ake biya a dunƙule, wani mai gidan ma ya ce sai biyu. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kai wa Majalisar Dattawa ƙudirin hana karɓar kuɗin shekara a Birnin Tarayya, amma bai zama doka ba. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, kuɗin hayar shekara tarin gumin mutum ne, ko kwasar adashi, ko bashi. Wannan dunƙulen kuɗin 'yan damfara suke farauta.

Ƙaramar cutar ita ce ta kuɗin duba gida. Za ka ga hoton ciki da falo tsaf a Facebook ko a sitatus na WhatsApp, farashi ƙasa da na unguwar. Ka kira, a ce sai ka biya kuɗin dubawa. Kun isa, sai dillalin ya dafe kai ya ce ai jiya da daddare aka kama wancan, amma akwai wani. Ya zagaya da kai kangaye biyu, kai ne da biyan kuɗin keke, yamma ta yi kowa ya kama gabansa. Irin wannan ba shi da gida ko ɗaya a hannu, kuɗin dubawar su ne sana'ar. Da ciwo, amma asarar 'yan dubbai ce.

Babbar ita ce wadda nake so a fahimta sosai, domin ba mutum ɗaya ke yin ta ba. Da farko suna samun gidan da babu kowa kuma mai shi ba ya kusa. Wani lokacin ɗan hayar da wa'adinsa ya kusa ƙarewa ne yake ba da makulli. Wani lokacin mai kula da gidan ne, ko wani cikin masu aikin fenti da tayil da aka bar wa makulli. Akwai kuma masu kama gida mai kayan ɗaki na kwana uku ko mako guda, irin wanda ake bayarwa kamar otal, su yi ta kawo mutane suna nunawa a matsayin nasu.

Ranar dubawa dillali zai zo fes, da fayil a hammata. Maigadi ya buɗe get ya gaishe shi, domin ya saba ganinsa, ko an ɗan sa masa wani abu a aljihu. Kana cikin leƙa banɗaki sai wayarsa ta yi ƙara, ya matsa gefe kaɗan, daidai inda za ka ji: "Hajiya, ki yi haƙuri, akwai wanda yake dubawa yanzu haka. In bai biya ba zuwa la'asar, naki ne." Ya kashe ya juyo yana murmushi: "Alhaji, ka dai ji da kunnenka. Ni kai nake so ka samu." In ka ce kana son ganin mai gida, amsar a shirye take: yana Ingila, ko ya tafi Umara, ko babban mutum ne ba ya son hayaniya. Nan take a kira maka shi. Murya ce ta dattijo, a natse, ba ya ma nuna yana buƙatar kuɗinka. Zai tambaye ka aikinka, da yawan iyalinka, ya ce shi ba ya son mai tara abokai da dare. Wannan tambayar ita ke kashe wa mutum jiki, don sai ka ji kamar kai ake tantancewa, ka manta kai ne ya kamata ka yi tantancewar. Daga nan sai "lauya" ya turo takardar yarjejeniya da hatimi da komai.

Lissafin ma irin na gaske suke yi. A ce haya naira miliyan ɗaya da rabi ce. La'adar dillali kashi 10 cikin 100, kuɗin lauya wani kashi 10, sannan kuɗin ajiya na ko za ka lalata wani abu. Kafin ka ankara ka doshi miliyan biyu. In ka ce ba su cika ba, ba za su ƙi ba: "Kawo rabi a matsayin kafin alƙalami, mu cire gidan daga kasuwa." Sai a ce ka ba da mako biyu a yi fenti a gyara famfo. Mako biyun nan ba na fenti ba ne. A cikinsu ake kawo na biyu da na uku da na huɗu, kowa a yi masa wasan wayar Hajiya, kowa ya biya.

Wani yaron unguwarmu da ya samu aiki a Abuja haka aka yi masa a wajen Lugbe. Ya ɗauko mota da katifa da buhun kayan abinci, ya tarar da wani magidanci da matarsa a ƙofar gidan, su ma da kayansu, kowa riƙe da rasit mai hatimi iri ɗaya. Suna cikin cacar baki sai ga ɗan ainihin mai gidan ya zo, bai san ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma ya ce gidan ma ba na haya ba ne, ƙanwarsa za ta tare. Lambobi uku da yaron yake da su, ta dillali da ta mai gida da ta lauya, duk a kashe.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ake cin mutanenmu da harshe da addini. Baƙo ya sauka a garin da bai san kowa ba, ya ji an yi masa sallama da Hausa, an tambaye shi mutanen gida, an ce "ai ni ma matata 'yar Zariya ce", shi ke nan ya saki jiki. Lokacin salla ya yi ku shiga masallaci tare. Daga nan kunya ta hana ka cewa a nuna maka takarda, kada ya zama kamar ka zargi ɗan uwa Musulmi. To ai wanda ya saukar da aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu bai ce a yi hakan da baƙi kaɗai ba. Dillalin kirki, kuma suna da yawa, ba ya jin haushin tambaya. Wanda ya ɓata rai don ka nemi hujja ya riga ya ba ka amsa.

Maganin ba wani mai tsada ba ne: ka tabbatar da mai gidan daga bakin wanda ba dillalin ne ya haɗa ku ba. Duk wanda dillalin ya nuna maka, ko ya ba ka lambarsa, ka ɗauka nasa ne. Ka koma unguwar kai kaɗai washegari, ba tare da ka faɗa masa ba. Ka tsaya wurin mai shago ko mai shayin layin, ka ƙwanƙwasa wa maƙwabci, ka tambayi sunan mai gidan, da wanda ya tashi daga ciki, da dalilin tashinsa. In rukunin gidaje ne mai get, akwai ofishin masu kula da shi, kuma suna da sunan mai kowane gida. In tsohon ƙauye ne da gari ya cimma, ka je wurin mai unguwa. Sunan da ka samo a can ka gwada shi da wanda ke cikin yarjejeniya, da kuma wanda ya fito a waya lokacin da ka sa lambar asusu. In suka saɓa, ka dakata. "Asusun yarona ne" ko "na matata ne, nawa yana da matsala" ba bayani ba ne. In da gaske wakili ne, ya nuna takardar wakilci, kuma ka ji daga mai gidan ta lambar da kai ka samo.

Kada ka ba da tsabar kuɗi a hannu, kada ka biya ta wurin mai POS. Ka tura daga asusunka, ka rubuta cewa kuɗin hayar gida kaza ne. In kamfani ne, shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, yana nuna ko sunan yana da rajista, ko da yake rajista kaɗai ba ta wanke kowa. In kuɗin masu nauyi ne, ɗauki lauyanka na kanka, ba wanda suka kawo ba, ya bincika takardun filin a AGIS, ofishin da ke adana bayanan filayen Birnin Tarayya. Mararaba da Masaka ba sa ƙarƙashin AGIS, na Nasarawa NAGIS ne. Kuma ranar da kuɗi suka fita, ranar makulli zai shigo hannunka ka canza kwaɗo. In akwai gyara, a yi shi kana riƙe da gidan.

Ko mai gidan na gaske ne, ka ɗaga kai ka dubi katanga. Jan fenti da alamar X na nufin hukuma ta yi wa ginin alamar rusau, kuma wanda ya zauna a Abuja zamanin da Nasir El-Rufa'i yake minista, daga 2003 zuwa 2007, ya san ba wasa ake yi da ita ba. Akwai masu shafe alamar da sabon fenti su karɓi kuɗin shekara. Ka tambaya ko gidan gado ne da ba a raba ba, don ɗaya daga cikin magada zai iya ba ka, sauran su zo su ce ba su san zance ba. Ka kuma duba ko akwai tsohon bashin wuta a kan mita.

Wanda kuma aka riga aka cuta, kada ya zauna yana jiran wayar ta kunnu. Ya kira bankinsa a take ya shigar da ƙorafi, domin irin waɗannan kuɗin ba sa kwana a asusu ɗaya, ana rarraba su ne a cire. Ya adana hirarrakin WhatsApp, da hoton tallar, da shaidar tura kuɗi, da rasit, ya kai ofishin 'yan sandan yankin da gidan yake. In a Mararaba ne, rundunar Nasarawa ce, ba ta Abuja ba. Yana iya rubuta wa EFCC takardar koke. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda ya karɓi dukiyar mutum da yaudara. In kun haɗu da wasu da aka cuta a gida ɗaya, ku bar faɗa da juna a ƙofar gida, ku karɓi lambobin juna ku shigar da ƙara tare, da lambar asusun da kowannenku ya tura wa kuɗi.