Zagayen Tsohon Birnin Fas da Ƙafa: Sharhi a Kan Ɗaukar Ɗan Jagora

Mafi yawan mutanenmu da ke zuwa birnin Fas na ƙasar Maroko ziyara ce ke kai su, domin a can kabarin Shehu Ahmadu Tijjani yake, kuma da yawa daga cikinsu sukan ƙare zamansu tsakanin masauki da zawiyya ba tare da sun leƙa sauran birnin ba. Ni ma ziyarar ce ta kai ni, amma na ware wata safiya na ɗauki ɗan jagora mai lasisi domin ya zagaya da ni cikin tsohon birnin da ake kira Fas al-Bali. Hukuncina shi ne hidimar ta cancanci kuɗinta, sai dai an ɗinka ta ne daidai da jikin Baturen da ya zo kallo da sayayya, saboda haka Bahaushen da bai faɗi abin da yake so tun kafin a tashi ba zai biya kuɗi a nuna masa shaguna, a wuce da shi ta bakin wuraren da suka fi kusa da zuciyarsa.

Ta hannun masu masaukina na sami mutumin, wani dattijo mai sanye da jallabiya, rataye da katin shaida na ma'aikatar yawon buɗe ido. Wannan kati yana da muhimmanci, domin a kowace ƙofa akwai samari da ke tare baƙo suna cewa hanyar gaba a rufe take, su kuma sun san wata, alhali kuwa shagon wani suke son kai shi. Mun yanke kuɗin rabin yini da dirhami tun a zaure, banda 'yan kuɗin shiga makarantun tarihi waɗanda baƙo ke biya da kansa. Yana jin Faransanci da Turanci, amma na roƙe shi ya yi mini Larabcin littafi, saboda Larabcin kasuwa na Maroko, wanda suke kira Darija, ko wanda ya yi shekaru a gaban malami zai sha wuya kafin ya kama bakin zarensa. 'Yan uwanmu na Nijar da ke jin Faransanci ba za su sami wannan matsala ba.

Daga ƙofar Bab Bu Jalud muka fara, mai shuɗin ado ta waje da kore ta ciki, wadda hotonta ya fi na kowace ƙofar birnin yawo a duniya. Tun a nan mutumin ya burge ni, domin bai bar ni na ɗauka tsohuwa ce ba, ya ce a 1913 aka gina ta, shekara guda bayan Faransa ta karɓi ragamar ƙasar. Ya ƙara da cewa Faransawan sun mayar da fadar mulki Rabat, sun kuma gina unguwarsu can nesa da ganuwa, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa ba a keta tsohon birnin da manyan tituna ba. Har yau mota ba ta shiga cikinsa. Jakuna da alfadarai da amalanke ne ke ɗaukar komai, daga tukunyar gas zuwa buhun siminti, kuma idan aka ji an daka tsawa an ce "balak", sai kowa ya manne da bango dabba ta wuce. Babban lungun da muka bi, Ɗala'a Kabira, gangarawa yake yi zuwa kwarin da kogin yake, abin da ya kamata mai ciwon gwiwa ya riƙe a ransa, tunda duk abin da aka gangara sai an hau shi a komowa.

Inda jagoran ya fi ƙwarewa shi ne bayanin yadda birnin ya kafu, kuma ya yi shi muna tafe, yana nuna kowane abu a inda yake. Fas garuruwa biyu ce tun asali. Idrisu na Farko, wanda jinin Annabi ne (SAW) da ya tsere daga gabas, shi ya kafa na farko a gefe guda na kogin wajen shekarar 789, ɗansa Idrisu na Biyu kuma ya kafa na biyu a ɗaya gefen kimanin shekara 20 bayan haka. Mutanen da aka kora daga Ƙurɗuba ta Andalus bayan tawayen 818 suka cika ɗaya, waɗanda suka yi hijira daga Ƙairawan ta Tunisiya suka cika ɗayan, kowane da ganuwarsa da masallacinsa da kasuwarsa, suna zaman kishi da juna, har sai da Yusuf bin Tashfin na daular Murabiɗun ya rushe katangar da ke tsakaninsu wajen 1070, ya haɗa su da gadoji. Da na ji wannan sai tsarin birnin ya zauna mini a kai, na fahimci dalilin da ya sa har gobe ake cewa ɓangaren Andalus da ɓangaren Ƙarawiyyin. Haka kuma ya nuna mini yadda kowace unguwa take da masallacinta da famfon ruwanta da gidan wankanta da makarantar allonta da gidan gashin burodinta, inda na ga yara ɗauke da kwaɓaɓɓen fulawa a kan faranti na katako suna kai wa mai gashi daga gidajensu. Ni kaɗai da zan wuce waɗannan abubuwa ne ban lura ba, kuma a ganina wannan kaɗai ya biya rabin kuɗin.

Mun shiga makarantu biyu na zamanin daular Banu Marin. Ta farko ita ce Bu Inaniyya, wadda Sarki Abu Inan Faris ya gina tsakanin 1350 da 1355, mai hasumiya da masallacin Juma'a a cikinta, ta biyu kuma al-Aɗɗarin da ke bakin kasuwar masu turare da kayan yaji, wadda aka kammala a 1325. Ƙasan bangonsu ƙananan tayil ne masu launi da aka yanka da hannu aka jera, tsakiyarsa sassaƙa ce a jikin farar ƙasa, samansa kuwa katako ne mai ƙamshi da ake sarowa daga duwatsun Atlas, sannan a bene akwai 'yan ƙananan ɗakuna inda ɗaliban da suka zo daga nesa suke kwana. Daura da Bu Inaniyya akwai ragowar agogon ruwa na 1357, wanda yanzu tagoginsa da katakan da suka riƙe tasoshinsa kawai suka saura. A nan ma bayaninsa ya wadatar, ko da yake ya fi ba da ƙarfi ga ado fiye da karatun da aka yi a ɗakunan.

A bakin masallacin Alƙarawiyyin ne na gane iyakar shirin da ake sayar wa baƙi. A Maroko wanda ba Musulmi ba ba ya shiga masallatai, in ban da babban masallacin Kasabulanka, saboda haka jagorori sun saba tsayar da mutanensu a bakin ƙofa su leƙa tsakar gidan su ɗauki hoto a wuce. Haka ya so ya yi da ni, sai na ce masa, "Sidi, ai ni mai alwala ne, a nan zan yi Azahar." Ya yi murmushi ya ce, "Marhaban, Alhaji," muka shiga tare. Wanda ya yi karatun allo a Kano ko Katsina ko Damagaram ba zai ji baƙunta a ciki ba, domin mazhabar Malikiyya ce, ƙira'ar Warshu ce, kuma rubutun Alƙur'anan da ke kan kantoci irin namu ne na allo, mai ɗigo ɗaya a ƙarƙashin fa'un da ɗigo ɗaya a saman ƙaf. Jagoran ya kawo labarin da aka sani, cewa Fatima al-Fihriyya ce ta gina masallacin a 859 da dukiyar da ta gada, 'yar uwarta Maryamu kuma ta gina na ɓangaren Andalus, ya kuma maimaita cewa wannan ce jami'a mafi tsufa a duniya. Abin da bai faɗa ba shi ne labarin ya zo mana ne ta hannun Ibn Abi Zar'i, masanin tarihi na ƙarni na 14, kuma sai a 1963 aka mayar da karatun wurin jami'ar gwamnati irin ta zamani. Bai kuma ambaci Ibn Ajurrum ba, ɗan Fas da ya rasu a 1323, mai Ajrumiyyar da almajiranmu ke fara nahawu da ita, haka nan bai ambaci Ibn Ashir ba, wanda ake haddace baitocinsa na fiƙihu a zaurukanmu. Da na kawo su da kaina sai na tarar ya san su sarai, ya ce dai baƙinsa ba sa tambaya.

Daga dandalin Saffarin, inda maƙeran tagulla ke dukan tukwane a ƙofar ɗakin karatun Alƙarawiyyin, muka nufi majemar Shuwara. Ba a kallonta sai daga saman benayen masu sayar da kayan fata, kuma a bakin matakala ake miƙa wa mutum reshen na'a-na'a ya kanga a hanci, domin da farar ƙasa da kashin tattabara ake jiƙa fatun kafin a rina su. Kallon ramukan da majema ke tsaye a ciki har cinya suna tattaka fata ya cancanci hawan. Na gaya wa jagoran cewa wani kaso mai yawa na abin da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko fatar jar akuyar Sakkwato ce, wadda majemanmu suka jeme da bagaruwa, fatake suka ƙetara hamada da ita zuwa arewacin Afirka. Ya saurara cikin ladabi, amma na ga alama hankalinsa ya koma kan mai shagon da ke jiran mu sauko.

Wannan shi ne babban aibin hidimar. Bayan shagon fata sai na dardumai, bayan shi sai na masaƙa, sannan na mai da turare, kuma a kowanne sai an zaunar da baƙo an ba shi shayi an baje masa kaya. Ba a tilasta mini sayen komai ba, amma lokacin da na biya ne yake tafiya, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa jagora yana da la'adarsa a duk cinikin da aka yi a gabansa, wadda a ƙarshe daga aljihun mai saye take fita. Ban ga laifin mutum ya nemi abincinsa ba, kuma mu da muka tashi da dillalai mun san la'ada halal ce idan kowa ya san da ita. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kira zaman shago darasin tarihi.

Abin mamaki, zagayen da aka tallata da sunan birni mai ganuwa bai ƙunshi ganuwar ba. Sai da na nace, na kuma yarda da ƙarin kuɗi, muka fita ta Bab Gisa muka hau tudun da kufan kaburburan Banu Marin suke, inda ake ganin birnin gaba ɗaya kwance a kwari da katangarsa kewaye da shi. A nan ya bayyana cewa Abdulmumini na daular Muwahhidun ya rushe tsohuwar ganuwar bayan ya ci garin a 1145, jikokinsa kuma suka sake gina ta a farkon ƙarni na 13, kuma mafi yawan abin da ake gani yau daga wancan aikin ya samo asali. Da ƙasa da farar ƙasa aka gina ta, ana dandaƙa su tsakanin alluna, shi ya sa jikinta yake da ramuka jere-jere inda katakan suka ratsa. Ganin yadda ake ɗaukar nauyin gyaranta tun bayan da UNESCO ta sa birnin cikin kayan tarihin duniya a 1981 ya sa na tuna badalar Kano da ake ta yanka ana gina shaguna a kanta. Kusa da tudun akwai Burj Nord, sansanin da Sarki Ahmad al-Mansur ya gina a 1582, wanda yanzu gidan adana makamai ne, kuma wannan sarki ne ya aika rundunar da ta karya daular Songhai a yaƙin Tondibi a 1591. A wajen Bab Mahruƙ kuma kabarin Alƙali Abubakar ibn al-Arabi yake, mai Ahkamul Ƙur'an, wanda ya rasu a 1148.

Zawiyyar Maulay Idris, inda kabarin Idrisu na Biyu yake, tana cikin shirin, kuma ya nuna mini katakan da aka gicciya a lungunan da ke kewaye da ita domin hana dabbobi shiga haraminta. Zawiyyar Shehu Tijjani kuwa, da ke unguwar Balida ba nisa da Alƙarawiyyin, ba ta cikin hanyar da ya saba bi, duk da cewa ya san an haifi Shehun a Ainu Madi ta Aljeriya, ya zo Fas a 1798 a zamanin Sarki Maulay Sulaiman, ya rasu a 1815. Ba a bukatar jagora a can, tunda da wuya a rasa mai jin Hausa ko ɗan Senegal a ƙofarta, musamman da yammacin Juma'a lokacin zikiri.

Ga mai niyyar ɗaukar irin wannan hidima, shawarata ita ce ya zauna da jagoran kafin a tashi ya lissafa masa wuraren da yake so, ya ce masa shago ɗaya ya isa, ya sa ganuwa da sallah a Alƙarawiyyin cikin sharaɗi, sannan a yanke kuɗi a kan haka ko da zai ɗan ɗara na kullum. Kada ya zaɓi ranar Juma'a, domin yawancin shaguna da wuraren sana'a a rufe suke, kuma makarantar Bu Inaniyya takan rufe wa masu kallo a lokutan sallah. Ya sa takalmi mai riƙe ƙafa wanda kuma ba ya wuyar cirewa a ƙofar masallaci, saboda duwatsun lungunan suna da santsi. Sayayyar fata da darduma kuwa ya bar ta sai washegari, ya koma shi kaɗai ya taya da bakinsa.