i5 ko i7? Karanta lambar da ke biye kafin ka biya kuɗin laftof a Abuja

Kwanakin baya ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Abuja ta kira ni daga Gwagwalada, muryarta cike da murna. "Yaya, na samu i7, kuma mai shagon ya ce zai yi mini ragi." Na ce ta ɗauki hoton cikakkiyar lambar firosesan, wato ƙwaƙwalwar laftof ɗin, ta turo mini kafin ta ba da ko sisi. Hoton na shigowa na ga i7-7500U. Na ce mata ta yi wa mai shagon godiya ta fito. Ranta bai so ba, domin a wurinta, kamar yadda yake a wurin yawancinmu, bakwai ta fi biyar, magana ta ƙare.

Wannan 'yar takardar da ake mannawa kusa da madannai, mai ɗauke da i5 ko i7, ta ci kuɗin mutane da yawa. Abin da take faɗa kawai shi ne matsayin firosesa a cikin sa'o'insa na shekara ɗaya. Shekarar da aka ƙera shi tana cikin lambar da ke biye, ita ce 'yan kasuwa ke kira jen, ni kuwa na fi son in ce zubi. A i5-8250U, takwas ɗin farko na nufin zubi na 8. Daga zubi na 10 zuwa sama lambobi biyu na farko ake karantawa: 10210U zubi na 10, 1135G7 na 11, 1235U na 12. Harafin ƙarshe kuma shi ke gaya maka yadda yake cin wuta, zan dawo kansa.

Dalilin da ya sa na hana ƙanwata shi ne tsallen da Intel, kamfanin da ke ƙera i5 da i7, ya yi tsakanin zubi na 7 da na 8. Wancan i7-7500U na shekarar 2016 ƙwayoyin aiki biyu gare shi, wato kamar ma'aikata biyu a shago. Shi kuwa i5-8250U da ya fito a 2017 huɗu gare shi. Idan ka buɗe Chrome da shafuka goma sha biyar, ga Zoom, ga Word, mai ma'aikata huɗu ne zai ɗauki nauyin ba tare da nishi ba, duk da sunansa ya fi ƙanƙanta. Sannan ga maganar Windows. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 na Intel ya fara, a laftof masu firosesan AMD, abokin gogayyar Intel, kuwa daga Ryzen 3000. Masu gyara sun iya dabarar cusa Windows 11 a kan tsofaffin, za ka ga allo ya kawo shi tsaf a shago, amma ba ka da tabbacin sabuntawa za ta ci gaba da zuwa. Kwamfutar da za ka riƙa shiga asusun banki da ita ba a yi mata haka. Saboda haka duk abin da ya gaza zubi na 8, komai arharsa, ni na cire shi daga lissafi. Araha ba ta ado.

Idan ka zagaya Banex a Wuse 2, kayan na hannu da suka fi cika kantoci 'yan zubi na 8 ne da aka kwaso daga ofisoshin Turai da Amurka: HP EliteBook 840 G5, Dell Latitude 7490, Lenovo ThinkPad T480. Jakunan aiki ne, kayan gyaransu ba sa wahalar samu, kuma ana iya ƙara musu ram, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin. Ga ɗalibi ko mai aikin rubutu da Excel, sun wadatar, muddin akwai SSD, wato ma'ajiyar fayil mai sauri, da ram ɗin da bai gaza 8GB ba. Zubi na 10 kuwa a yi hattara. Wanda ya fi yawa a kasuwa, i5-10210U, kusan ɗan zubi na 8 ne da aka yi wa kwaskwarima: ƙwayoyi huɗu, ƙira ɗaya, saurin da ya ƙaru kaɗan. Idan an ɗora masa kuɗi mai yawa don kawai goma ta fi takwas, gara ka zuba wannan kuɗin a ram ko sabon batir.

Canji na gaske ya sake zuwa a zubi na 11, cikin 2020. Ƙwayoyin i5-1135G7 huɗu ne har yanzu, amma kowacce ta fi ƙarfi, kuma ɓangaren zane da ake kira Iris Xe ya bar tsohon UHD 620 na zubi na 8 a baya nesa ba kusa ba. Mai haɗa bidiyo na talla ko mai aikin Photoshop zai ji bambancin a hannunsa. Sai dai akwai sharaɗin da ba a cika faɗa ba: Iris Xe ba ya nuna ƙarfinsa sai ram ɗin ya zama sanda biyu. Idan 8GB ɗin sanda ɗaya ce, kwamfutar za ta riƙa gudu kamar mai ƙafa ɗaya a wajen zane. Ka tambayi mai shago ya buɗe maka ka gani.

Zubi na 12, na 2022, ya zo da sabon tsari, an haɗa manyan ƙwayoyi masu ƙarfi da ƙanana masu tsimin wuta. A i5-1235U manya biyu ne, ƙanana takwas, shi ya sa za ka ji an ce "ƙwaya goma". Gaskiya ne, amma ba goma iri ɗaya ba. Yana da sauri, ba musu.

Yanzu maganar da ta fi damun mai zama a Kubwa ko Lugbe ko Mararaba: idan an ɗauke wuta, awa nawa za ta kai? A nan harafin ƙarshe ya fi lambar zubi muhimmanci. U na nufin firosesan da aka tsara a kan kimanin wat 15. P, wanda ya zo da zubi na 12, wat 28. H kuwa wat 45, shi ne ke cikin manyan kwamfutocin wasa da na masu zanen gine-gine. Na sha ganin matashi ya sayi mai H saboda fitilun da ke walƙiya a madannai, ya koma yawo da caja mai nauyin bulo, duk inda ya zauna idonsa na neman soket. Idan aikinka AutoCAD ne ko Revit ko haɗa dogon bidiyo, H dole ce, sai ka tanadi inbata ko sola. Idan ba haka ba, U ta ishe ka. Ita P ce na fi jin tsoro a cikin siririyar kwamfuta, domin zafin watan Maris a Gwagwalada ba wasa ba ne, kuma firosesa idan ya ɗau zafi rage gudu yake yi da kansa don kada ya ƙone. Ka biya kuɗin sauri, ka samu ƙarar fanka. Ƙurar hunturu ma tana toshe hanyar iska, don haka duk wadda ka saya, a riƙa buɗe ta ana kakkaɓewa ko sau ɗaya a shekara.

A kayan na hannu kuwa, lafiyar batir ɗin ta fi komai. Kada ka tsaya ga "yana yin awa biyar, Alhaji". Buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai fitar da takarda mai lambobi biyu: ƙarfin da aka ƙera batir ɗin da shi, da ƙarfin da yake iya ɗauka yau. Idan na biyun ya faɗi ƙasa da kashi biyu cikin uku na na farko, ka sa kuɗin sabon batir cikin ciniki. Minti biyu ne, kuma mai shago na kirki ba zai hana ka ba. ThinkPad T480 tana da wani alheri a nan: batir biyu gare ta, ɗaya a ciki, ɗaya a waje da ake iya cirewa a sa wani ba tare da an kashe ta ba.

Mutanenmu suna gudun AMD, sun riƙe tsohon labarin cewa tana zafi. Labarin ya tsufa. Tun Ryzen 4000 na 2020, wanda aka ƙera a kan nanomita 7 lokacin da yawancin na Intel ke kan 14 (ƙaramar lamba ce ta fi tsimin wuta), al'amarin ya juya. Ryzen 5 4500U ƙwaya shida gare shi, Ryzen 7 4700U takwas, kuma duka a kan wat 15. Saboda wannan tsoron na jama'a, wani lokaci za ka same su da sauƙin kuɗi fiye da takwarorinsu na Intel. Inda AMD ke da tarko shi ne suna. Zen shi ne sunan ƙirar firosesansu: Ryzen 5 5500U ƙirar Zen 2 ce, 5600U kuwa Zen 3, wadda ta fi sabunta. A jerin 7000 abin ya fi rikitarwa, lamba ta uku ce ke faɗin ƙirar: 7520U tsohuwar Zen 2 ce a sabuwar riga, 7530U Zen 3, 7540U Zen 4. Sabuwa a kwali mai 7520U tana iya kasa kamo ta hannu mai 4500U idan aiki ya yi nauyi.

Ga wanda batir ne gaba da komai a wurinsa, MacBook Air mai M1, firosesan Apple na kansa, da ta fito a Nuwamban 2020 har yau ba ta da na biyu a farashinta. Ba ta da fanka sam, saboda haka babu ƙara, babu zuƙar ƙura. Apple ya ce tana kai awa 18 a kallon bidiyo. A aikin yau da kullum ba ta kai haka, amma tana fitar da mutum wuni. Ram ɗinta a manne yake, abin da ka saya shi ke nan har abada. Kuma kada a sayar maka da tsohuwar MacBook mai Intel a matsayin abu ɗaya, domin Apple ya sanar cewa macOS Tahoe ne tsarin aiki na ƙarshe da zai hau kan masu Intel.

A kan M1 ɗin ne na koyi darasin allo, kuma ya yi mini ciwo. Na sayo monita biyu don aikin ofis, ina son takarda a ɗaya, lissafi a ɗaya. Na haɗa su da 'yar na'urar rarraba kafofi, duka biyun suka kawo hoto iri ɗaya. Na koma na canza na'urar, na canza waya, har na fara zargin monitocin. Ashe Air mai M1 allo ɗaya kacal take ɗauka a waje, haka aka ƙera ta. M2 ma haka. M3 ta 2024 tana ɗaukar biyu amma sai ka rufe murfinta. Sai M4 ta 2025 ce ke ba ka biyu murfi a buɗe. M1 Pro kuwa tana ɗaukar biyu tun 2021. Akwai dabarar DisplayLink da ke zagaye wannan iyaka, sai dai ƙarin kuɗi ne da ƙarin manhaja.

Abin mamaki, tsohuwar EliteBook 'yar zubi na 8 ta fi ta a nan: UHD 620 na iya tuƙa allo uku har da na jikinta, Iris Xe kuwa huɗu. Amma iyawar firosesa daban, kafofin da kamfani ya sa a jikin kwamfutar daban. Da yawa daga 'yan zubi na 8 HDMI 1.4 gare su, wanda ke ba da 4K a kan hoto 30 kawai cikin daƙiƙa, za ka ga linzami na tafiya yana ɗingishi. HDMI 2.0 ne ke kai 60. Idan majigi ne na taro ko monita ta 1080, wannan bai shafe ka ba. Sannan ba kowace kafar USB-C ke fitar da hoto ba. Wasu, musamman a kwamfutoci masu araha, ɗaukar fayil kawai suke yi. Nemi alamar walƙiya ta Thunderbolt ko alamar DisplayPort a gefen kafar. Thunderbolt 4, da ya zo tare da zubi na 11, ya wajabta ɗaukar allo biyu na 4K ta waya ɗaya, kuma ta nan ake caji. Ga mai tebur a ofis wannan kaɗai na iya sa zubi na 11 ya cancanci kuɗinsa. A AMD, irin wannan kafa mai ƙarfi, USB4, sai daga Ryzen 6000. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tafi da wayar haɗa allo taka ka ce a jona maka a monita a shagon, gani ya kori ji.

Allon jikinta ma a duba. Akwai kwamfutoci masu firosesa mai kyau da aka sa wa allo na 1366x768, wanda launinsa ke dushewa da zarar ka karkata kai. Wanda zai kwana yana karatu ya nemi 1920x1080 na IPS, wato irin allon da launinsa ba ya dushewa daga gefe.

Sababbin kaya na masu hali, Core Ultra da ya fara fitowa a Disambar 2023, da jerin 200V na 2024, sun gyara maganar batir sosai a ɓangaren Windows, sai dai 200V ram ɗinsa a jikin firosesa yake, ba a ƙarawa. Masu firosesan Snapdragon X ma suna daɗewa da caji, amma wasu tsofaffin firintoci da manhajoji ba sa jituwa da su, don haka mai shagon buga takardu ya gwada kayansa tukuna.

Ranar Asabar na raka ƙanwar tawa kasuwa. Kuɗinta bai kai zubi na 11 ba. Muka tsaya kan wata ThinkPad T480 mai i5-8250U da allon 1080. Rahoton batir ya nuna na wajen ya gaji, sai na ce wa mai shagon, "Malam, ka gani da idonka, a canza wannan, a ƙara sandar ram ɗaya, sai mu rufe ciniki." Ya duba lambar, ya yi shiru kaɗan, ya aiki yaronsa ya kawo wani. Muka jona ta a monitar da ke kan kantarsa, hoto ya kawo. Ta cire caja ta bar bidiyo yana tafiya rabin awa muna zaune a benci muna kallon yadda cajin ke sauka, sannan ta tura kuɗin.