Gargaɗi: damfarar fastocin fina-finan sararin samaniya da ake tallatawa a matsayin na asali

Assalamu alaikum jama'a, musamman matasanmu na garuruwan Kano da Jigawa, masu gidajen kallo, masu tura fina-finai a waya, da ɗaliban da ke zaune a gida suna neman abin juyawa. Mu masu wannan rubutu harkar ɗab'i da tsofaffin takardu muka sani, kuma akwai wata damfara da ke shigowa ta zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook wadda ya kamata a gane ta kafin wani ya sayar da awakinsa ko buhunan riɗinsa ya zuba kuɗin a ciki.

Ga yadda take tafiya. Za a jefa ka a wani zaure, a dinga turo hotunan fastocin fina-finan ƙagaggun labaran kimiyya, irin su Star Wars da Alien da Blade Runner, a ce na asali ne, waɗanda aka liƙa a silima a shekarar da fim ɗin ya fito, ko kuma a ce bugu ne na musamman da aka yi 'yan ɗaruruwa kawai. Sai a ce ka sayi ɗaya a naira, akwai Bature a Amurka ko Ingila da zai karɓa da dala. Bayan ka biya, wani zubin ba abin da zai zo. Wani zubin kuma a damƙa wa direban mota wata takarda a naɗe ka karɓa a tashar Wudil ko ta Gumel. Kwana biyu sai wata lamba ta ƙasar waje ta yi maka magana, ta yaba kayan, ta sa farashin da zai hana ka barci, sannan ta ce sai ka fara biyan kuɗin tantancewa, da na inshora, da na kwastan. Mai sayarwa da mai sayen nan mutum ɗaya ne, ko gungu ɗaya. Fostar kawai ƙugiya ce, kuɗin da suke so na gaba ne.

Abin da ke sa mutane faɗawa shi ne akwai gaskiya a gindin maganar. Tsofaffin fastoci suna tsada a duniya. Fostar fim ɗin Metropolis, wanda Fritz Lang ya shirya a Jamus a 1927, an sayar da ita dala 690,000 a 2005. Wannan labarin suke turowa da hotonsa. Abin da ba sa faɗa shi ne irin waccan fostar guda huɗu kacal aka sani a duniya, ɗaya ma tana gidan adana zane-zane na zamani da ke New York. Kaya irin wannan ba a tallarsa a zauren da aka tara mutanen da ba su san juna ba, kuma mai shi ba ya roƙon ka ka turo rabin kuɗi kafin la'asar.

To, yaya ake gane ta asali? Fara da tef ɗin tela. Babbar fostar silima ta Amurka, kafin tsakiyar shekarun 1980, inci 27 ce a faɗi da 41 a tsawo. Daga baya aka koma 27 da 40. Ta Ingila a kwance take, inci 30 a tsaye da 40 a faɗi. Ta Japan da aka fi sani ƙarama ce, wajen inci 20 da 29. Idan an ce maka fostar silima ce ta 1977 ko 1982 ka auna ka ga inci 24 da 36, wannan girman fastocin da ake bugawa don sayar wa jama'a a kantuna ne, ba ta taɓa ganin ƙofar silima ba. Ka nemi a ɗora tef a kanta a yi maka bidiyo, daga gefe zuwa gefe. Mai gaskiya ba ya jin nauyin wannan.

Sai ninki. A wancan zamanin inji ne ke ninke fastocin kafin a aika su gidajen silima, ninki uku a kwance, ɗaya a tsaye, takardar ta kasu gida takwas. Saboda haka tsohuwar fosta mai ninki ba aibi ba ne, shi ne ma abin da aka fi gani. Kaɗan ne suka tsira ba ninki, kuma masu tara fastoci suna bin asalinsu sosai kafin su yarda. 'Yan damfara sun san haka, suna ninkewa da hannu. Amma ninkin hannu yakan karkace, gidajen ba sa zuwa daidai da juna. Ninkin da ya shekara arba'in kuma yana da alama: a mahaɗar layuka biyu tawada ta ɗan goge, farin takarda ya leƙo, wani lokaci har da 'yar huda kamar ta allura. Na jiya tawadarsa tana nan lafiya, ko kuma ta tsage fari fat a layi ɗaya ba tare da wata dauɗar shekaru ba.

Juya bayanta. Wajen 1990 ne aka fara yawaita buga fastoci fuska biyu, bayan yana ɗauke da hoton gaban a juye, don a saka su a akwatin fitila haske ya ratsa. Fostar Star Wars ta 1977 ko ta Alien ta 1979 da aka buga fuska biyu ba ta wancan lokacin ba ce, magana ta ƙare. Sai dai kada a ɗauki bugun fuska biyu a matsayin hujja ga sababbin fina-finai, domin masu jabu su ma sun iya shi yanzu.

A ƙasan tsofaffin fastocin Amurka akwai wata lamba ta kamfanin da ke rarraba su a da, National Screen Service. Lambobi biyun farko shekara ce, na bayan kuma jerin fim ɗin a shekarar. Ta Star Wars 77/21 ce, bugun farko kuma 77/21-0. Rashin lambar a inda ya kamata ta kasance abin tuhuma ne, amma ganinta ba ya wanke fosta, tunda wanda ya ɗauki hoton ta asali ya sake bugawa da lambar ya kwafo. Wannan fostar ta Star Wars, zanen Tom Jung, an daɗe ana yin jabunta tun kafin zuwan intanet, har masu tarawa suna gane wani sanannen jabu da wani siririn gashi da ya fito a kan bel ɗin jarumin, gashin da ya faɗa a farantin ɗab'i lokacin da ake satar bugun. Haka fostar da aka rubuta Revenge of the Jedi, wadda aka buga kafin a sauya sunan fim ɗin zuwa Return of the Jedi, wanda ya fito a 1983, tana cikin waɗanda aka fi kwaikwaya. Duk wanda ya kawo maka ɗaya daga cikin biyun nan a farashin babur, ka ɗauka jabu ce har sai masani ya riƙe ta a hannu.

Gwajin da ya fi kama su shi ne na ido. Je wurin mai gyaran waya ko agogo ka ari gilashinsa mai ƙara girma, ka duba fuskar mutum a jikin fostar. Bugun maɗaba'a na gaske kala huɗu ne, shuɗi da ja-ja da rawaya da baƙi, ɗigo-ɗigo a jere cikin tsari, suna haɗuwa kamar ƙananan furanni. Na injin feshin tawada, irin wanda ake buga banar siyasa da hoton biki da shi, ɗigonsa a warwatse yake ba tsari, wani lokaci ka ga layuka siri-siri inda kan injin ya bi. Sannan ka sauka kan ƙananan rubutun ƙasa, inda sunayen ma'aikatan fim suke da alamar haƙƙin mallaka. A ta asali bakin harafi kaifi gare shi. A kwafi ya yi dishi-dishi, cikin haruffa irin a da e ya cushe. Sau da yawa kuma hoton kwafi yakan ɗan matso, gefensa ya yanke, saboda an ja shi ya cika takarda. Takardar ita ma tana magana: tsohuwar fosta siririya ce, ba ta da kaurin kwali ko ƙyallin roba. Idan masu jabu sun so tsufar da tasu sukan shafa ruwan shayi ko su turara ta da hayaƙi. Shinshina, kuma ka lura ko launin ƙasa-ƙasan ya bi ko'ina daidai wa daida. Tsufan gaske daga gefe da layin ninki yake farawa.

Ɓangaren bugu na musamman kuwa dokarsa daban ce. Waɗannan ba fastocin silima ba ne, zane ne da wani mai zane ya yi da izinin masu fim, aka buga adadi ƙayyadadde. Kamfanin Mondo da ya taso a Austin ta jihar Texas ya yi suna a nan, kuma fastoci ukun Star Wars da Olly Moss ya zana masa a 2010 guda 400 aka buga na kowace. Su galibi inci 24 da 36 ne, don haka a nan wannan girman ba laifi ba ne. Bugun rariya ake yi musu, irin yadda ake buga rubutu a rigunan makaranta, kala ɗaya bayan ɗaya a kan takarda mai kauri. Idan ka duba ta gefe a haske za ka ga tawada ta hau kan takarda, inda kala biyu suka haɗu akwai ɗan tudu. Lambar, a ce 125/400, da fensir ake rubuta ta da hannu a kusurwa. Idan lambar bugawa aka yi tare da hoton, ko ka tambayi mutum biyu a zauren ka tarar lambarsu ɗaya, an gama gane komai.

'Yan damfarar za su turo maka takardar shaida mai hatimin zinare. Duk mai kwamfuta da firinta a bakin kasuwa zai iya yin irinta cikin minti goma, kuma gidajen silima ba su taɓa karɓar fosta da takardar shaida ba. Haka sa hannun jarumai. Ka dinga haɗa shekaru: Carrie Fisher, jarumar Star Wars, ta rasu a Disambar 2016, don haka sa hannunta a fostar fim ɗin Star Wars da ya fito a 2019 ƙarya ce tsagwaronta.

Akwai kuma labarin da suka fi jawo mutanenmu da shi, wai kayan daga ɗakin ajiyar wata tsohuwar silima a Kano aka kwaso su. Gaskiya ne an yi gidajen silima a Kano irin su Plaza da Orion da Marhaba, kuma an nuna fina-finan Indiya da na Sin da na Amurka. Amma fostar da ta yi aiki a nan ta sha ƙusa ko gam, ta sha rana da ƙurar hunturu da laimar damina, ga gara. Wadda aka ce ta kwana shekara arba'in a sito ta fito fes ba tabo, har guda ashirin iri ɗaya, hankali ba zai ɗauka ba. Tambayi mai sayarwar wa ya ba shi, a wace shekara, kuma ko za ka iya zuwa ka gani da idonka tare da wani babba. A nan ne yake fara cewa yana kan hanya, ko wani ya riga ya sa kuɗi, ka hanzarta.

Game da Baturen da ke jiran saye, ku riƙe wannan. Manyan gidajen gwanjo irin su Heritage Auctions da ke Dallas suna ajiye tarihin abin da suka sayar a shafinsu, da hoto da farashi, kowa zai iya dubawa ya kwatanta. Ladansu daga cikin kuɗin ciniki suke cira bayan an sayar. Ba sa bin mutum a WhatsApp, ba sa cewa a tura kuɗi asusun wani mutum mai suna daban a nan Najeriya. 'Yan damfara sukan ɗora tambarin irin waɗannan kamfanoni a hotonsu, tambari kuwa kowa na iya saukewa. Idan sunan da ke kan asusun ya saɓa da na mai magana da kai, ko aka ce ka je wurin mai POS ka tura don kada a samu jinkiri, ka tsaya nan. Kuma kada ka ba kowa lambar BVN ko lambar sirrin da banki ya turo maka da sunan za a saka maka dala. Masu shaidar samun riba da ke cikin zauren, masu turo hoton alat, yawanci layukan masu zauren ne. Mafi muni shi ne inda ake ce maka ka kawo mutum uku a rage maka farashi, domin ranar da abin ya fashe kai 'yan garinku za su kai ƙara gaban dagaci, ba wanda ke bayan waya ba.

A ganinmu, wanda yake son fostar fim don ƙawata shagonsa ko gidan kallonsa ya je a buga masa a matsayin kwafi, ya biya kuɗin kwafi, kowa ya san abin da aka saya. Cinikin biri a sama da sunan jari shi ne muke hana ku, tunda a yankinmu babu kasuwar da za ka mayar da ita kuɗi ko da ta asalin ce. Wanda kuma Allah ya sa ya gaji ta gaske daga mahaifi ko kawu da ya yi aikin silima, kada ya kai a yi mata laminatin, kada ya yanke gefenta ko ya liƙa salatef a yagewar, kowanne cikin ukun yana karya darajarta. Ya shimfiɗa ta tsakanin farar takarda mai tsabta, nesa da rana da bangon ƙasa mai laima, a ɗaga ta daga ƙasa saboda gara.

Idan ka riga ka tura kuɗi, kada ka ƙara ko sisi, ko da sun ce wannan ne na ƙarshe kafin dala ta sauka. Kada ka goge hirar kuma kada ka sanar da su ka gane. Ɗauki hoton duk saƙonnin, da lambobin waya, da sunan asusu da lambarsa, da rasit ɗin POS. Je bankinka a ranar, ba gobe ba, ka shigar da ƙorafi a rubuce ka nemi a tuntuɓi bankin da kuɗin ya shiga, domin da zarar sun kwashe dawo da shi yana wuya. Daga nan ka kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa ko hukumar EFCC. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda aka samu da laifin karɓar dukiya ta hanyar yaudara. Ka kuma yi hattara da wanda zai kira daga baya ya ce shi jami'i ne, zai ƙwato maka kuɗinka idan ka biya kuɗin aiki, su ne dai suka sake dawowa da wani layin. Sannan ka faɗa wa mai unguwa da limami a sanar bayan sallar Juma'a, ka kuma tura wa duk wanda ka san an saka shi a zauren tare da kai.