Gargaɗi ga masu Hilux: akwai mai sayar da tsoffin shokazoba da sunan kayan ɗaga mota

Jama'a, musamman masu Hilux da Land Cruiser da ke shiga daji, a yi hattara da wani mai shafi a Facebook da ke tallan kayan ɗaga mota. Ni dai ya ci mini N780,000, kuma saura ƙiris ya haɗa da raina.

Hilux Vigo gare ni ƙirar 2012, da ita nake hawa Mambila daga Jalingo, in kai taki, in sauko da masara. Wanda ya san ƙauyukan bayan Gembu idan damina ta zauna ya san yadda cikin mota ke gugar ƙasa. Shi ya sa da na ga tallan na tsaya. Ya ce kayan Old Man Emu ne na kamfanin ARB na Ostireliya, sababbi fil, suna ɗaga mota inci 3, wai kuma kowace Hilux suna shiga. Ya turo mini bidiyon kwalaye jibge a wani shago, yana ta "Alhajina, saura saiti biyu, don kai ne na rage." Na tura rabi, da direban da ya ɗauko kayan daga Legas ya kira ni a tasha na cika sauran.

Abin da ya kamata ya farkar da ni tun farko shi ne bai tambaye ni komai ba. Mai sayar da kayan gaske sai ya ji ƙirar motarka da shekararta, Vigo ce ko Revo da ta fito a 2015, sai ya ji nauyin da kake ɗauka kullum, da ko ka ɗaura ƙarfen kariya a gaba, domin sifirin hawa-hawa ne gwargwadon lodi, kowanne da lambarsa. Wannan kuwa lambar asusu kaɗai ya damu in rubuta daidai. Araha ta rufe mini ido, ba zan ɓoye ba.

Da muka buɗe kwali, shokazoba huɗu ne masu fenti ruwan ɗorawa da sitika. Babu sifirin ɗin baya ko ɗaya, sai wasu dunƙulen ƙarfe biyu da dogayen ƙusoshin ɗaure sifirin, da wasu faya-fayan ƙarfe biyu na ɗorawa a saman shokazoban gaba. Na kira mai shafin, ya ce sabon samfuri ne, haka Turawa ke yi yanzu. Bakanikena ya yi tafiya, yaran gareji suka ɗaura. Mota ta miƙe tsaye, ni ma na ji daɗin ganinta.

A tafiya ta uku, ina gangarowa daga Maisamari zuwa Mayo Selbe da buhu goma, na ji bayan motar yana karkacewa, sitiyari na neman ƙwace mini a kwana. Allah Ya taimake ni ina giya ta biyu. Na lallaɓa na tsaya, na leƙa ƙasa: dunƙulen ƙarfen hagu ya zame, notocin sun saki, tayar ta ja baya har tana gab da shafar bodi. Tiyon birki kuwa ya miƙe kamar tsirkiya.

Da bakanikena ya dawo, makullin mota kawai ya sa ya kankare fentin. Ga baƙin fenti a ƙasa, ga tsatsa. Ya danna shokazoba ɗaya da hannu, ta shige ta zauna. Ya ce, "Alhaji, mai gas idan ka danne ta da kanta take dawowa a hankali. Wannan ta gama aiki a wata motar tun kafin a shafa mata fenti." Biyu a ciki har mai suke zubarwa.

Sannan ya nuna mini ɓarnar gaba. Ƙafafun gaban Vigo kowace zaman kanta take yi, ba kamar Land Cruiser 79 mai ƙarfe ɗaya ɗoɗar ba. Idan aka wuce inci 2, wato milimita 50, shaf ɗin da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba yana karkacewa fiye da kima, robarsa ta yage, boljoyin na sama, wato gaɓar da ƙafar ke juyawa a kai, ya takura. Mai son wuce haka sai ya canja hannun ƙarfen da ke riƙe ƙafar ta sama, ya duba tsawon tiyon birki, ya sake alaimen, wato saitin tayoyi. Nawa shaf ɗin dama ya riga ya fara ƙaƙas-ƙaƙas idan na karya kwana. Wani abin da ban sani ba sai ranar: duk yadda ka ɗaga bodi, tulun giyar baya yana nan inda yake, babbar taya ce kaɗai ke ɗaga shi. Tsayin da na saya sai dai ya ƙara wa motar sauƙin kifewa.

Na kira mutumin, da farko ya ce laifin masu ɗaurawa ne, daga baya ya toshe ni. Na kai ƙorafi banki da wurin 'yan sanda, ana kan magana. Shekaranjiya wani abokina ya nuna mini shafin ya canja suna, bidiyon kwalayen nan ne dai, amma yanzu na Prado yake talla, yana cewa saura saiti biyu.

Kayan suna nan a gareji ban zubar ba. Duk wanda aka yi wa irin wannan talla ya nemi lambar kowane ƙarfe ya gwada da ta shafin kamfanin, kuma kada ya cika kuɗi sai bakanikensa ya danna shokazobar da hannunsa.