Sabon kundin Dream Theater: ta wace hanya za ka saye shi, da me za ka saurara?

Mu masu sauraren kiɗan progressive metal, wato kiɗan Turawa mai ƙarar jita da dogayen waƙoƙi masu sarƙaƙiya, a Gusau ba mu da yawa, benci ɗaya na mai shayi ya ishe mu. Amma tun da ƙungiyar mawaƙan Amurka Dream Theater suka saki kundinsu Parasomnia ranar 7 ga Fabrairu 2025, gardama ta ƙi ƙarewa a bencin nan. Dalili kuwa, Mike Portnoy, makaɗin gangar da ya bar ƙungiyar a 2010, ya dawo a 2023, kuma rabon a ji shi a kundinsu tun 2009. John Petrucci mai jita shi ya jagoranci aikin, Andy Sneap ya haɗa sautin.

Wani ya ce ganga ta dawo da ranta. Wani ya ce bes ɗin John Myung, wato jitarsa mai kaurin murya, ya sake nutsewa ƙarƙashin jita, ƙorafin da masoya suka daɗe suna yi. Na uku ya ce sautin ya cika sumul, kamar an bi shi da dutsen guga. Sai na tambayi kowa da me ya saurara. Mai kukan bes ya ce da lasifikar waya. Na ce masa, "Haba malam, ai bes bai ma iso kunnenka ba, balle ka yanke masa hukunci."

Kiɗan nan kamar kiɗan kotso na fada yake: ganguna da yawa, kowace da maganarta, ga 'yan amshi a sama. In naɗin ya lalace, sai komai ya cakuɗe ya zama hayaniya. Kundin ya haura awa ɗaya, waƙar ƙarshe kaɗai ta kusa minti 20. Saboda haka hanyar da ka same shi ita ce rabin abin da za ka ji.

Mafi arha shi ne ka kai memori wurin masu tura waƙoƙi. Da wuya ma su san sunan ƙungiyar, in kuma an dace, abin da za su ba ka an matse shi an sake matsewa, ƙarar farantan ganga ta koma kamar ana suyar ƙosai. Ga shi sisi ba ya kaiwa ga mawaƙan. Wannan a bar shi.

Sai manhajojin biyan kuɗin wata. Spotify ta shigo Najeriya a 2021, kuma mai biya yana iya ɗaga ingancin sauti zuwa kilobit 320 a daƙiƙa. Apple Music tun 2021 take ba da sautin da ba a rage masa komai ba, tana kuma aiki a wayar Android. Abin da mutane ke mantawa shi ne su shiga saitin manhajar su ɗaga ingancin da kansu, domin in aka bar ta, ragewa take yi don ta tausaya wa data. Ka sauke kundin gaba ɗaya lokacin da sabis yake da kyau. A kilobit 320, minti ɗaya yana cin kusan megabait 2.4, wato kundin bai kai megabait 200 ba. Wanda ba a rage ba kuwa, zai ci fiye da ninkin haka.

Faifan CD shi ne ma'aunin da ake gwada sauran: bit 16, kilohaz 44.1, ba matsi, ba ruwansa da sabis, kuma naka ne har abada. Matsalarsa sai an yo odarsa daga waje, kuɗin aike na iya fin kuɗin faifan, sannan ba kowane katin banki ke biyan dala ba. In kana da ɗan'uwa mai dawowa daga Turai, to ga saƙon da ya dace.

Faifan garmaho kuwa, ina son sa, amma ba zan ba kowa shawararsa a nan ba. Zafin Maris da Afrilu yana haura digiri 40, faifan roba ne, lanƙwashewa yake yi. Ƙurar hunturu kuma ta shige layukansa, allura ta riƙa ƙaras-ƙaras a daidai inda kiɗa ya yi sanyi. Ga wutar da za ta ɗauke ana tsakiyar waƙa.

Ba ina cewa masoya ba su taɓa yin gaskiya a kan haɗin sauti ba. A 2008 sun yi ca a kan kundin Death Magnetic na ƙungiyar Metallica saboda an ƙure masa ƙara har sautin ya fashe. Ƙungiyar Rush kuwa sai da suka sake haɗa sautin kundinsu Vapor Trails na 2002 suka fitar da shi a 2013. A irin waɗannan, ko da me ka saurara, laifin yana nan. Parasomnia a kunnena ba ya cikin wannan sahu. Gangar tana da nauyi, jita ta ɗan mamaye gaba, bes yana nan ga mai nemansa.

Inda kuɗi ya fi amfani shi ne abin sawa a kunne. Bluetooth yana sake matse sauti kafin ya iso, don haka biyan sautin da ba a rage ba sannan a saurara ta ƙaramar lasifikar Bluetooth asara ce. Yawancin wayoyin Tecno, Infinix da itel har yanzu suna da kafar iyafis. Nemi hedfon mai waya wanda yake rufe kunne duka, ka guji masu tallan bes mai girgiza ƙirji, domin sukan danne muryar James LaBrie da kibod ɗin Jordan Rudess. Kada ka yarda mai shago ya gwada maka da waƙarsa. Ka je da kundin a wayarka, ka kunna inda ganga ta fi gudu, ka ji ko kana iya bin bes shi kaɗai na minti ɗaya.

Ni dai hedfon mai waya na fara saya, na biya manhaja wata ɗaya, CD kuma na bar wa ƙanena sallahu. Mai kukan bes ya ari hedfon ɗin ranar Juma'a, har yau bai dawo da shi ba.