Sashen duba bakin mahaifa: inda suka burge ni da inda suka bar ni cikin zullumi

Duk matar da aka ce mata an ga wani abu a bakin mahaifarta, zan iya tura ta sashen lafiyar mata na babban asibitin da ya duba ni, amma da sharaɗi. Ta je da haƙuri, ta je da 'yar rakiya, kuma kada ta zauna a gida tana jiran su kira ta a waya. Aikin likitocinsu ba ni da ta cewa a kai. Tsarin da ke kewaye da aikin ne ke da gyara.

Shekarata 41. Abin da ya fara kai ni asibiti ɗigon jini ne bayan saduwa, sai kuma wani ruwa da ban saba gani ba. Na fara zuwa wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa. Likitan ya leƙa, ya cire safar hannu, ya ce kansa ce, wato sankara, kuma gara a cire mahaifar cikin makon nan tun kafin ta bazu. Bai ɗebi komai don gwaji ba, bai ba ni takarda ko ɗaya ba. Da na faɗa wa yayata a waya ina kuka, sai ta ce, “Ke ƙanwata, wa ya taɓa yanka mutum a kan kallo? Gobe zan zo mu je wani wurin.”

A babban asibitin, maganar farko da likitar mata ta yi mini ita ce ta sa nake wannan rubutu. Ta ce, “Hajiya, ni ba zan ce miki kansa ce ba, ba kuma zan ce miki ba ita ba ce. Ido ba ya yanke wannan hukunci. Sai an yanko ɗan nama an duba shi a ɗakin gwaje-gwaje.” A lokacin haushi na ji, don ina son a ce mini babu komai. Daga baya na gane cewa ita kaɗai ce ta gaya mini iya abin da aka sani.

Ta ɗauki takarda ta zana mini mahaifa da bakinta, ta yi bayani dalla-dalla. Kusan duk sankarar bakin mahaifa wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV ke haddasa ta, kuma nau'i biyu daga cikinta, na 16 da na 18, su ke jawo kusan kashi 70 cikin ɗari. Yawancin masu ɗaukar ƙwayar jikinsu na kawar da ita da kansa cikin shekara ɗaya zuwa biyu. A wasu matan ne take maƙalewa, ta riƙa sauya ƙwayoyin halittar bakin mahaifa sannu a hankali. Daga fara sauyin zuwa ya zama sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20, ko 5 zuwa 10 ga mai raunin garkuwar jiki. Shi ya sa ta nemi izinina aka yi mini gwajin HIV, domin mata masu ɗauke da HIV sun fi sauran haɗarin kamuwa da wannan sankara har ninki shida. Yadda ta nemi izinin, cikin sanyin murya kuma bayan ta sa yayata ta ɗan fita, ya ƙara mata daraja a idona.

Akwai tambayar da ta tsaya mini a wuya na kasa yi, ita ta fito da ita da kanta. Tunda ta hanyar saduwa ake ɗaukar ƙwayar, zuciyata ta riga ta fara zargin maigidana. Ta ce kusan duk wanda ya taɓa saduwa yakan haɗu da HPV a wani lokaci na rayuwarsa, tana iya kwantawa shekaru ba alama, kuma babu gwajin da zai nuna yaushe aka ɗauke ta ko daga wa. Ta ce in ina so in zo da shi ta yi masa wannan bayanin. Na zo da shi. Da a ce sun bar mu mun je mun karanto rabin magana a intanet, da rigimar gida ta riga sakamakon gwaji isowa.

Dubawar da suke kira kolfoskofi ita na fi tsoro, sai ta zo da sauƙi. Mace za ta kwanta, a sa ƙarfen da ake buɗe gaba da shi, a shafa wa bakin mahaifa wani ruwa mai tsami wanda ke sa wurin da ya sauya ya yi fari, sannan likita ta duba da na'ura mai ƙara girman abu. Na'urar ba ta shiga jiki, daga waje take. Yankan naman ɗan tsunguli ne, sai ciwon mara irin na al'ada. Wata nas dattijuwa ta tsaya a kaina tana riƙe da hannuna, tana cewa, “Saki jikinki 'yata, ja numfashi, an kusa.” Kafin su taɓa ni da komai sai sun faɗa. Sun lulluɓe ni da zane, sun kulle ƙofa, kuma da ɗalibai suka zo kallo sai da aka tambaye ni. Na ce a'a, ba wanda ya ɓata fuska. Sun kuma gargaɗe ni cewa maganin tsayar da jinin da suka shafa zai sa in ga ruwa baƙi-baƙi na 'yan kwanaki. Ba don haka ba da na firgita.

To, daga nan yabo ya ƙare na ɗan lokaci. An ce mini sakamako zai fito cikin mako biyu kuma za a kira ni. Lokacin ya wuce, shiru. Lambar da aka rubuta a katina tana ta ƙara ba mai ɗauka. Wanda bai taɓa jiran irin wannan sakamako ba ba zai san yadda dare ke tsawo ba. Ina kallon yarana ina lissafin shekarunsu. Na daina bincike a waya bayan na ci karo da alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022, cewa mata kusan 660,000 ne suka kamu da wannan sankara a duniya a shekarar, kusan 350,000 kuma suka rasu. Alƙaluman gaskiya ne, amma da tsakar dare ba su amfane ni da komai ba. Abin da ya riƙe ni shi ne addu'a, da yayata da ke kirana kullum ba tare da ta ce “kar ki damu” ba, da kuma takardar zanen nan ta likita da nake ɗaukowa in sake dubawa.

Da na gaji na je da ƙafata, ashe sakamakon ya daɗe da dawowa yana cikin fayil. Ma'aikacin teburin karɓar baƙi kuma ya ɗaga murya a gaban layi yana tambaya, “Ke ce ta gwajin kansa?” Wannan bai dace ba ko kaɗan. Sashen da ke kulle ƙofa don mutuncin mace a ciki bai kamata ya tona ta a bakin ƙofa ba. Na kai ƙorafi ga shugabar nas-nas, ta ba ni haƙuri, ta rubuta.

Sakamakon ya nuna CIN 3, wato sauyin nan na ƙwayoyin halittar bakin mahaifa. Likitar ta ce sauyin matakai uku ne, nawa shi ne na ƙarshe, amma bai zama sankara ba tukuna. Ba a bari a zuba masa ido, ba kuma a bukatar cire mahaifa. Aka yi mini aikin da ake kira LEEP: allurar kashe zafi a bakin mahaifa, sai a yi amfani da siririyar waya mai lantarki a shafto wurin da ya lalace. A ranar na koma gida. An sake tura abin da aka cire ɗakin gwaji don a tabbatar babu sankara a ɓoye kuma an kwashe shi duka. Sun hana saduwa na kusan mako huɗu, sun ce in dawo da gaggawa in jini ya yi yawa, ko zazzaɓi, ko wari. Ta kuma faɗa mini ba ɓoye-ɓoye cewa aikin na iya ɗan ƙara haɗarin haihuwa kafin lokaci, don haka in na sami ciki in sanar da masu awo.

Tun kafin sakamakon ya fito na tambaye ta abin da zai faru in sankara ce, kuma ina ba kowace mace shawara ta yi wannan tambaya, don a nan ake gane asibitin kirki. Ta ce za a fara tantance matakin cutar, daga na 1 zuwa na 4, da hoton ciki. In an kama ta da wuri tiyata kan wadatar. In ta ɗan yi nisa sai a haɗa gashi da na'ura, wato ƙona cutar da haske mai ƙarfi, da maganin kemo, har da gashin da ake yi ta ciki kusa da bakin mahaifa. Ta faɗa mini kai tsaye cewa su ba su da na'urar gashi, tura marasa lafiya suke yi wata cibiya, kuma can ma akwai layi. Na ji daɗin wannan gaskiyar, amma rauni ne babba ga wadda cutarta ta yi nisa. Irin wannan matar ta nemi takardar turawa da kwafin duk sakamakonta tun ranar farko, ta kuma tambayi wa zai bi mata maganar a can.

Wani abin da na yaba shi ne sun tambaye ni ko ina da 'ya'ya mata. Rigakafin HPV an fi son a yi wa yara 'yan shekara 9 zuwa 14, kuma babbar 'yata ta shiga wannan layi, an yi mata. Yayata ma da ta rako ni ba ta tsira ba, nas ɗin nan ta ce, “Hajiya babba, ke yaushe rabonki da gwaji?” Ashe ba ta taɓa yi ba, alhali ana son mace ta fara tun tana shekara 30. A ranar aka ɗebi nata.

An ba ni ranar komawa don sake gwajin HPV, domin ko bayan aiki sauyin na iya dawowa. A wannan karon na karɓi lambar ɗakin nas-nas maimakon ta teburin gaba, na kuma roƙi a rubuta mini a kati ranar da sakamako zai fito, don in je in karɓa da kaina.